Orval Mai Katifa da Zakaran Sa

A garinmu na Brisco, in kana zaune a shagon gahawa na Bernadine ka ji murya ta riga mai ita shigowa, to Orval Pettibone ne, mijin yayata Marlys. Katifa yake sayarwa a babban titi, shi ya sa kowa ke ce masa Orval Mai Katifa, amma in ka biye wa bakinsa shi makiyayi ne da ƙaddara ta jefo cikin katifu. Ya ce da ƙuruciyarsa ya yi kiwo a Wyoming, ya taɓa murɗe wuyan bijimi da hannu ɗaya alhali ɗaya hannun na riƙe da kofin gahawa, kuma kallo ɗaya yake yi wa sa ya faɗa maka nauyinsa. Yaya Marlys ta ce iyakar saninta bazara ɗaya ya yi a can yana wanke kwanuka a wani gidan abinci na bakin hanya, shanun da ya gani kuwa duk a soye suke.

A shekarar da nake ba ku labari kasuwa ta juya masa baya. An buɗe wani katafaren kanti a birni, mutane suka koma sayen katifa can. Orval ya kan wuni a ƙofar shago yana kallon tsallaken titi, inda Elwood Hostetler ke sayar da abincin dabbobi, motoci na shiga suna fita. Ya zauna ya yi nazari, ya gano dalili. Ba wai don dole shanu su ci abinci ba ne. Don Elwood ne ke sayen zakaran sa, wato san da ya zo na ɗaya, duk shekara a gwanjon dabbobin yara na baje kolin gunduma, jarida ta buga hotonsa a shafin farko.

Ranar da ya bayyana shirinsa sai da ya sa Bernadine ta rage rediyo. Ya ce bana shi zai sayi zakaran, ya jawo shi da igiya ta tsakiyar gari har ƙofar shagonsa, ya hau da shi kan katifa a gaban jama'a, a ɗauki hoto, duniya ta ga katifar da sa ya taka ba ta lotsa ba.

Bernadine ta tambaye shi ko ya shawarci san.

"Bernadine, ni da shanu ba ma shawara," in ji shi. "Ido nake haɗawa da su, su gane."

Yaya Marlys ba ta so ba, don kuɗin gyaran rufin shago ne za a taɓa, rufin kuwa har ya fara ɗiga kan kaya. Daga ƙarshe ta yarda da sharaɗin dabba ɗaya tak. Ta kira ni gefe ta ce in zauna kusa da shi in riƙe masa hannu in ta kama. Na ce to. Ni manomi ne, na taɓa riƙe maraƙi yana shure-shure, na ɗauka hannun Orval ba zai fi ƙarfina ba.

Asabar da safe muka hallara a rumfar gwanjo. Zafin Agusta ne, fankoki na ta juya warin kashin shanu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Yara sun sha fararen riguna, kowa na riƙe da dabbar da ya shekara yana kiwo, iyaye na tsaye a baya suna share gumi. 'Yan kasuwar gari sun cika benci, kowa da kati mai lamba, don al'ada ce a sayi dabbobin da tsada a ƙarfafa wa yaran gwiwa. Orval ya shigo da sabuwar malafa mai faɗin faranti da sababbin takalman makiyaya masu tsini, yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Bai taɓa zuwa gwanjon ba, don a cewarsa warin wurin na tayar masa da mura, amma muna zama ya fara yi mini bayanin yadda ake yi.

A gundumarmu zakara shi ake sayarwa a ƙarshe. Saboda haka Orval ya raɗa mini dabararsa: duk dabbar da Elwood ya taya, shi ma zai taya ya ɗaga farashi, sai ya kai maƙura ya janye ya bar Elwood da kaya. Kafin a zo kan zakara aljihun Elwood ya bushe.

Kanar Vern, mai kiran gwanjo, wanda bai taɓa shiga soja ba amma haka ake ce wa masu sana'arsa, ya buga guduma aka fara. Aka shigo da zomaye uku a keji. Elwood ya ɗaga kati. Orval ya ɗaga nasa. Elwood ya juya ya kira mai sayar da lemo. Guduma ta sauka. Wani yaro ya zo ya miƙa wa Orval hannu, aka ɗauke su hoto, ya dire masa kejin a cinya.

Orval ya ce gwaji ne, yana auna numfashin mutumin.

Aka shigo da talo-talo. Elwood ya sosa kunne. Orval ya damƙe gwiwata ya ce ka gani, tayin sirri ke nan, ya san irin wannan tun a Wyoming. Ya ɗaga kati, aka ƙara, ya ɗaga, aka ƙara. Na yi ta jan rigarsa ina nuna masa cewa ba Elwood ke ƙarawa ba, kakar yarinyar da ta yi kiwon talo-talon ce daga can baya. Tsohuwar ta ga farashi ya kai inda take so, ta mayar da katinta jaka ta ɗaga masa hannu tana murmushi. Elwood kuwa kunnensa ne ke masa ƙaiƙayi.

Da aka zo kan rago, Orval ya ji kuɗin da Kanar ke kira ya yi dariya, ya ce wannan ai ko kaza ta fi haka, bari ya saya wa Marlys tsaraba. Bayan guduma ta sauka na faɗa masa cewa kuɗin laba ɗaya ake kira, sai an ninka da nauyin ragon. Ya yi ta motsa leɓe yana lissafi. Can ya ce ai ya sani, ni yake jarrabawa.

Tauren akuya kuwa ba da niyya ya saya ba. Takalmin ne ya matse shi har idonsa ya yi ja, ya ɗaga hannu yana kirana in zo in ja masa, ya manta da kati a hannun.

Daga layin baya na ji Yaya Marlys ta yi gyaran murya. Ban waiwaya ba.

Ana hutun rabin lokaci Elwood ya zo ya tsaya a kanmu, ya dubi zomaye, ya dubi talo-talon da ke ƙoƙarin cire maɓallin rigar Orval, ya tambaye shi ko gidan ajiye namun daji zai buɗe.

"Je ka ƙirga abin da ya rage a aljihunka, Elwood," in ji Orval.

"Ban taɓa ko sisi ba tukuna, maƙwabci. Duk abin da na so sai ka riga ni. Yaran dai sun gode."

Da ya tafi Orval ya ce mini ka ji muryarsa tana rawa.

Sai aka shigo da zakara. Baƙin sa ne sitik, an wanke shi an taje shi har yana ɗaukar ido, sunansa Gwamna. Twila Brandvold ce ta yi kiwonsa, 'yar shekara goma sha huɗu, tana riƙe da ragamarsa da yatsu biyu yana biye da ita kamar ɗan kare. Orval ya miƙe ya ɗingisa zuwa bakin shinge, ya kanne ido ɗaya, ya faɗi nauyin san da ƙarfi don kowa ya ji. Kanar ya karanto abin da sikeli ya nuna, ya kusa ninka nasa. Orval ya ce dama ya daɗe yana zargin sikelin nan.

Aka fara tayi. Manajan banki ya taya ya janye, mai asibitin dabbobi ya taya ya janye, aka bar Orval da Elwood. Suka yi ta jan juna har farashi ya wuce na bara. Nan Elwood ya cusa katinsa a aljihu ya harɗe hannuwa. Orval bai gani ba, don malafar ta rufe masa gefen. Kanar na ta zuba magana kamar ruwan famfo, Orval ya ɗaga kati. Kanar ya kira sabon farashi, Orval ya sake ɗagawa. Na rungume hannunsa na dama da hannuwana biyu, ya mayar da katin hagu. Sai da Kanar ya ajiye guduma ya cire tabarau.

"Orval, kai ne a sama tun ɗazu. Da kanka kake ja."

Orval ya gyara zaman malafa.

"Na sani, Kanar. Ni ba na bari kowa ya kayar da ni, ko da ni ne."

Aka tafa masa, don kuɗin karatun Twila ya samu har da ƙari. Tafin ne ya hau masa kai. Ya karɓi makirufo daga hannun Kanar ya sanar cewa da la'asar kowa ya hallara a ƙofar shagonsa ya ga abin da ba a taɓa gani ba, bayan nan kuma zai sa a yanka Gwamna a gasa, duk garin a ci kyauta. Magatakardar gwanjo ta tambaye shi, kamar yadda ake tambayar kowa, ko a loda dabbobinsa a motar mahauta. Ya ce a makirufo shi da ransu yake so, dukkansu, shi ba ɗan koyo ba ne. Yaya Marlys ta ɗauki jakarta ta fita.

Motar kai katifu kaɗai muka zo da ita, da sababbin katifu biyu a ciki. Muka tura rago da taure da talo-talo da kejin zomaye muka rufe ƙofa. Saura Gwamna. Twila ta fara gaya wa Orval yadda ake tafiya da shi, ya katse ta ya ce 'yata, tun ba a haifi ubanki ba nake kora shanu. Ta miƙa masa igiya, ta rungumi wuyan san idonta cike da hawaye, ta koma gefe.

Orval ya ja. Gwamna bai motsa ba. Ya zagaya baya ya tura da kafaɗa. Ya yi wani fito da ya ce duk saniyar Wyoming ta san shi. Ya dawo gaba ya haɗa ido da shi, kamar yadda ya yi wa Bernadine alkawari. Gwamna ya dube shi, ya ɗaga ƙafar gaba a hankali, ya ɗora ta kan sabon takalmi, ya ci gaba da tuƙa.

Na ce bari in ture shi. Orval, fuskarsa ta koma kalar tumatir, ya ce ta tsakanin haƙora in bar shi, haka sa ke nuna ladabi ga wanda ya fi shi. Ladabin ya ɗauki lokaci. Da Gwamna ya ga dama ya ɗage ƙafa, sai da muka yanka takalmin da wuƙa kafin ƙafar ta fito. Wani ya ara masa silifa.

Twila ta gaji da kallo ta kama hanyar ƙofa. Gwamna ya bi ta. Haka aka shiga gari: Twila a gaba tana share hawaye, Gwamna a bayanta, Orval a ƙarshen igiya, ƙafa ɗaya takalmi ɗaya silifa, yana ɗaga wa mutane malafa, ni kuma a can baya cikin mota ina tafiyar hawainiya, ina jin abin da ke faruwa a bayan motar ina yin kamar ban ji ba.

Babban titi ya cika. Bernadine ta fito da kujeru, yarinyar jarida ta zo da kyamara, ɗan sanda ya tare hanya. An riga an kafa gado a ƙofar shago da katifar da ta fi kowace tsada, an jingina katako don hawa. Orval ya naɗe igiyar a wuyan hannunsa ya yi jawabi kan ƙarfen da ke cikin katifar da shekarun da za ta yi. Sannan ya ce wa Gwamna bismillah, hau.

Gwamna ya sa hanci ya shinshina katifar. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan katakon ya sauke. Orval ya ce bai gane ba ne, bari a nuna masa. Ya hau katifar da kansa ya yi tsalle sau biyu, ya kwanta rigingine, ya juya gefe, ya bubbuga wurin da ya rage yana cewa zo mana, ka ga laushi. Gwamna ya kalle shi har ya gama. Sai ya taka katakon da ƙafafun gaba, ya tsaya daidai saman katifar, ya saki fitsari. Bai yi gaggawa ba. Mutane suka tsaya suna jira, kamar ana addu'a. Orval ya mirgina ya sauka ta ɗaya gefen.

Wani daga cikin taro ya tambaya ko katifar na shan ruwa.

Orval ya ce kowa ya tsaya inda yake, akwai wata a mota. Na ce masa kada ya buɗe. Ya ce Lyle, ƙanena, kai dai noma ka sani, ya buɗe.

Taure ne ya fara fitowa, da auduga a gemunsa, don ya riga ya shiga katifa ɗaya ta kusurwa ya kusa fita ta ɗaya. Ya haye gadon talla ya ci gaba daga inda ya tsaya. Talo-talo ya fito ya buɗe wutsiya, ya duba taron kaf, ya zaɓi Orval. Kejin zomaye ya faɗo ya buɗe, yara suka bi su ƙarƙashin motoci. Rago ya sauko a nutse, ya hango wani rago a cikin gilashin shagon Orval yana hararsa. Ya ja da baya, wancan ma ya ja. Ya sunkuyar da kai, wancan ma haka. Gilashin ya fi shekara ashirin a wurin, da sunan Orval a rubuce da ruwan zinare.

Duk wannan hayaniya Gwamna ko kunne bai kaɗa ba. Ya ɗaga kai ya shaƙi iska, ya juya ya tsallaka titi. Igiyar na naɗe a hannun Orval, saboda haka shi ma ya tsallaka, rabi da ƙafa rabi da gwiwa, talo-talo na biye da shi yana saran bayan wandonsa. A ƙofar shagon Elwood akwai dammunan harawa da aka baje don talla. Gwamna ya ture ɗaya da ƙaho ya warware shi, ya zagaya, ya durƙusa, ya kwanta a ƙarƙashin allon sunan Elwood, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya ya lumshe ido. Yarinyar jarida ta durƙusa ta ɗauki hoto.

Elwood ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya dubi san, ya dubi Orval da ke zaune a ƙasa babu malafa babu silifa.

"Maƙwabci, akwai sauran wuri a gefensa. In warware maka dami ɗaya?"

Taron ya fashe da dariyar da ya daɗe yana haɗiyewa. Orval ya buɗe baki zai yi bayani, sai ga Yaya Marlys ta ratso mutane da tsintsiya a hannu. Ta kwance igiyar daga hannunsa ta miƙa wa Twila, ta sa masa tsintsiyar a madadinta.

"Tashi, makiyayi. Gilashi na jiranka."

Ita ta raba gardamar sauran. Ta mayar wa yara zomayensu da ragonsu kyauta, ta roƙi kakar nan ta karɓi talo-talo, taure kuwa Bernadine ta ɗauka don ya cinye mata ciyawar bayan shago. Ta karɓi makullin shagon katifa, kuma har yau yana hannunta. Ta fara kai kaya gida-gida kyauta tana ɗauke tsohuwar katifa, abin da kantin birni ba ya yi, shagon ya farfaɗo. Rufin dai sai da ya ƙara shekara yana ɗiga.

Gwamna aka kawo shi makiyayata ya jira mahauci. Washegari da sassafe na hango mutum a jikin shinge. Orval ne da burushin wankin mota, yana taje san yana ba shi labarin Wyoming. Gwamna ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba, abin da ba wanda ya taɓa yi masa a garin nan.

Da Arlo mahauci ya zo da motarsa, mutane kusan goma suka biyo shi don su ga naman da aka yi musu alkawari. Arlo ya sauke ƙofar mota ya ɗauko igiya. Gwamna ya tako a hankali ya ɗora haɓarsa kan kafaɗar Orval, ya bar masa yawu a wuyan riga. Orval ya daɗe a tsaye. Sannan ya zame, ya zagaya san, ya kanne ido ɗaya, ya mintsini haƙarƙarinsa, ya girgiza kai.

"Arlo, mayar da motarka. Bai kai yanka ba."

Arlo ya ce wannan fa shi ne zakaran gunduma, alƙalai uku suka duba shi.

"Alƙalai ba su san shanu ba. Ka ga nan? Ƙashi ne zalla. Ba zan ba mutanen garina ƙashi ba."

Arlo ya dube ni, na dubi sama. Ya naɗe igiyarsa ya tafi, masu jiran nama suka bi shi.

Twila ta gama makaranta ta tafi jami'a, in ta zo hutu ta kan leƙo ta gaishe shi. Gwamna yanzu ya kai girman ƙaramar mota, ƙofar garkena ma sai da na faɗaɗa, kuma harawata yake ci, don Orval ya ce shi ba zai saya a wurin Elwood ba. Duk kaka, in an fara sanyi, Arlo ya kan bugo waya ya tambaya. Orval ya zo da burushinsa, ya zagaya san, ya mintsini kitsen da hannunsa ba ya iya kamawa, ya juyo ya dube ni fuska a murtuke.

"Saura kaɗan, Lyle. Ƙara masa abinci."